Gwajin allura a maraina: kurakuran da ke ɓata sakamako

Kuskuren farko tun daga gida ake yin sa. Shekara biyar ba haihuwa, mata ta sha jiƙo ta sha rubutu, dangi har sun fara zancen ƙaro aure, amma maigida bai taɓa kai maniyyinsa an duba ba. Hujjarsa wai ai yana fitarwa. Alhali mafi yawan ruwan ba daga maraina yake zuwa ba, kuma kusan namiji 1 cikin 100 babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa. Wannan zaluncin da ake yi wa mata yana ci mini rai.

Sai kuma gaggawa. Ana soka allura a maraina ne don a gano dalilin da ya sa ba a ga ƙwayar haihuwa a maniyyi ba, amma gwajin maniyyi sau ɗaya bai isa a ce a soka ta ba. A maimaita, bayan an ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, kuma a miƙa shi ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta gama girma, don haka zazzaɓi mai zafi na watan jiya zai iya rage ta yau. Wanda yake yin allurar testosteron don ƙarin kuzari ya faɗa wa likita, domin ita kanta tana tsayar da ƙwayoyin. A fara da gwajin jini na FSH, wato sinadarin jiki da ke sa maraina yin ƙwayoyi, da na gado idan maraina ƙanana ne, saboda larurar Klinefelter, wadda ake haihuwar namiji da ita kuma take hana maraina yin ƙwayoyi yadda ya kamata.

Shi kansa aikin ba fiɗa ba ne. Za a kashe zafin wurin, a sa siririyar allura a zuƙo ɗan abu kaɗan, a shafa a kan gilashi, a rina, a duba a madubin likita. In an ga ƙwayoyi tun daga ƙanana har waɗanda suka yi jela, maraina na aiki, hanya ce ta toshe; ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba yakan jawo haka. In kuwa sun tsaya a rabin hanya, ko ba a ga komai ba sai ƙwayoyin Sertoli masu renon su, matsalar daga tushe take.

A nan ne ake kuskuren da ya fi karya zuciya: a soka wuri ɗaya, a ɓangare ɗaya, a ce wa mutum shi ke nan. Maraina kamar gona ce, wani gefen ya yi yabanya wani ya bushe. Shi ya sa a 1997 Dakta Paul Turek na Amurka ya bayyana hanyar bin wurare da dama a kowane ɓangare. Tun 1992 a Beljiyam aka fara haihuwar jarirai ta hanyar cusa ƙwaya ɗaya tak cikin ƙwan mace, don haka 'yan kaɗan ɗin da aka samu ba abin rainawa ba ne.

Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ya sanar tun kafin ranar. Bayan an gama a sa ɗan kamfai mai riƙewa, a bar hawa babur da ɗaukar kaya na 'yan kwanaki. In wurin ya ci gaba da kumbura ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti a ranar.