Darasi na 9: Furanni a Surfanin Turkawa

Daular Usmaniyya da za mu yi magana a kanta ta ƙasar Turkiyya ce, ba ta Sakkwato ba. Fadar sarakunanta tana birnin Istanbul, ana kiranta Topkapi. Garin Bursa kuwa shi ne ya yi suna wajen siliki.

A zamanin Sarki Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, an yi wani gwanin zane a fada mai suna Kara Memi. Shi ya fito da salon zana furannin lambu yadda kowa zai gane su. Daga fada salon ya shiga gidaje. Mata suka riƙa ɗinka shi da zaren siliki a kan farin yadi: murfin bargo, tawul, ƙyallen ƙunshe kaya, har da bakin zariyar wando. Budurwa kan tara irin waɗannan cikin kayan aurenta.

Furanni huɗu ne suka fi yawa. Akwai wardi, sauran ukun kuma da sunayensu na Turkanci za mu kira su. Akwai sumbul mai ƙananan furanni jere a kan kara ɗaya. Akwai lale, dogo siriri, kansa ya rabu gida-gida, kowanne da tsini. Sai karanfil, wanda a ganina ya fi su duka kyau a ɗinki. Ana baje shi kamar mafici, bakin kowane ganyen furen da ƙananan haƙora. Ja da shuɗi sun fi yawa, kore kuma a ganyen da ke jikin kara.

Ku lura da abu ɗaya. Mai ɗinkin ba ta cusa komai da komai. Fure guda take ɗauka, ta maimaita shi layi-layi, na layi na biyu ya faɗa tsakanin biyu na layin farko. A tawul kuma, gwanaye kan ƙirga zaren yadin, su yi ɗinkin yadda gaba da baya za su zama iri ɗaya, ba ƙulli, ba zare a waje. Wannan aiki ne na haƙuri.

Aiki: Ku zana karanfil a takarda, mai ganye biyar. Ku maimaita shi sau uku a layin sama, sau biyu a na ƙasa. Ku rubuta sunan launin kowanne a ƙarƙashinsa. Mai allura da zare ya gwada guda ɗaya a ƙyalle, ya kawo aji mu juya bayansa mu gani.