Kafin a saya wa matashi garin ƙara tsoka

Iyaye da masu horarwa, a kula. Ɗan wasa mai kilo 55 yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 65 zuwa 90 a rana. Ƙwai ɗaya na da giram 6, kofin madara 8, ga kifi, ga wake; abinci kawai ya isa.

Abin tsoron shi ne abin da ke cikin robar garin wanda ba a rubuta ba. Ko a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ba ta tantance waɗannan kayan kafin su shiga kasuwa. An sha samun sitiroyid, wato maganin ƙara tsoka mai aiki irin na sinadarin halittar namiji, a ɓoye cikin masu alƙawarin kumbura damtse nan da nan, shi kuwa yana iya tsayar da tsawon yaro, ya taɓa hanta, ƙuraje su feso a baya, nono ya fito wa namiji.

Garin da ake kaɗawa kafin atisaye ma a bar shi. Ludayi ɗaya kan kai miligiram 200 na kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi mai hana barci, alhali ɗan ƙasa da shekara 18 bai kamata ya wuce 100 a rana ba. Sai bugun zuciya da rashin barci.

In likita ya ce a saya, a nemi tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport, masu nuna cewa an gwada garin don neman haramtattun sinadarai.