Kurakuran da sababbin masu tara tangaran ɗin Faransa da fostocin jirgin ƙasa ke ta maimaitawa

Tambaya ɗaya ce ta ishe ni. Mutum zai sayi faranti a kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen da ke gefen Faris, ko ya ci gwanjo a intanet, sai kuɗi sun fita sannan ya turo mini hoto yana cewa, "Malam, duba mini tambarin nan, na gaske ne?" Kuma hoton tambarin kaɗai zai turo, ba bakin farantin, ba gindinsa, ba zanen da ke ciki. Ihu bayan hari ke nan.

Tambari shi ne abin da ya fi sauƙin kwaikwayo a jikin tangaran. Wanda ya iya zana fure da tsuntsu a kan faranti, haruffa biyu ne za su gagare shi? Ɗauki Sèvres, masana'antar sarkin Faransa da aka fara a Vincennes a 1740, aka mayar da ita Sèvres a 1756. Tambarinta harafin L ne guda biyu a sarƙe, kuma a ƙarni na 19 an yi ta zana shi a gindin kayan da ba su taɓa shiga wannan gida ba. Gidan Samson, wanda aka kafa a Faris a 1845, sana'arsa ce ma kwaikwayon tsofaffin kaya, a fili yake yi, yakan sa alamarsa. Daga baya 'yan damfara suka riƙa kankare alamar su bar ta asalin da aka kwaikwaya. Haka ma hoton baƙauyen yankin Bretagne da matarsa da aka san tangaran ɗin garin Quimper da shi: maginan garuruwan Malicorne da Desvres sun yi irinsa da yawa.

A nan aka sha ni, kuma har yau abin na ci mini rai. Wani dillali ya ɗora mini babban faranti a hannu, ya ce aikin maginan garin Rouen ne na ƙarni na 18, ya juya mini gindinsa na ga haruffa, na biya ba ciniki. Da na kai wa wani dattijo da ya daɗe a harkar, ko kallon tambarin bai yi ba. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shafa gindin da yatsa, ya ce wannan na ƙarshen ƙarni na 19 ne, mai yiwuwa daga Desvres. Farin rufinsa, wato shafen nan mai ƙyalli da ke saman yumɓu, ya cika haske, zanen ya cika tsari, sannan gogewar da ke gindinsa daidai take ko'ina, irin wadda takardar gurza katako ke bari. Farantin da ya shekara ɗari biyu ana ja a kan teburi ba ya cinyewa daidai wa daida, wani gefe yakan fi wani. Faranti ne mai kyau, ba na musu, amma kuɗin Rouen na biya. Tun daga nan, in an miƙo mini kaya, babban yatsana nake ɗorawa a kan tambarin, sai na gama duba yumɓu da rufi da zane sannan in ɗaga. Wasu abokan harka suna cewa hakan ya yi yawa. Su suka sani.

Akwai rubutun da yake tona asiri nan take. In ka ga kalmar "France" a gindin abu, kusan kullum bayan 1891 aka yi shi, lokacin da dokar Amurka ta tilasta rubuta ƙasar da kaya suka fito. Wanda ya ce maka na zamanin sarki Louis na 15 ne ga wannan rubutu a jiki, ka ajiye masa kayansa. Limoges kuma gari ne, ba masana'anta ɗaya ba. Tun da aka gano farin yumɓu a Saint-Yrieix a 1768 gidaje barkatai suka yi aiki a can, har yau ana yi, don haka sunan kaɗai ba ya sa abu tsada.

Tsattsagewar rufi ba shaidar tsufa ba ce, ana iya yin ta da gangan a shafa ruwan shayi. Ɗan ɓantarewar baki kuwa kada ta kore ka, farin rufin nan mai kuza da ma haka yake ɓarewa. Tsohon farantin da ba shi da tabo ko ɗaya shi ya fi ba ni tsoro, shi ya sa nake yawo da ƙaramar tocilan mai hasken UV, domin wurin da aka cike aka yi wa fenti yakan fito daban. Kada ka wanke da bilic. Kada kuma ka zuba abinci a ciki, akwai dalma a rufin da yawa daga cikinsu.

Fostoci kuma, kafin komai ka nemi gilashin ƙara girman abu. Fostocin kamfanonin jirgin ƙasa na shekarun 1920 da 1930 bugun dutse ne, kowane launi da nasa dutsen, launin kuma shimfiɗe yake a takardar. In ka ga ɗige-ɗige jere cikin tsari irin na hoton mujalla, sabon bugu ne, ko da takardar ta yi ja. Wannan ƙa'ida ba ta hau kan fostocin baya-bayan nan ba, waɗanda da ma da injin zamani aka buga su. Ka kuma san tarihin kamfanonin: kamfanin PLM, mai layin Faris zuwa Lyon da gaɓar Bahar Rum, ya narke cikin SNCF, kamfanin jirgin ƙasa na gwamnatin Faransa, a farkon 1938, kuma Roger Broders ya zana masa fostoci ne tsakanin 1922 da 1932. Akasarinsu faɗin santimita 62 ne, tsawo kusan 100. Wadda ta zo daidai da ƙaramin firam ɗin kanti galibi kwafi ce. Idan kuma aka tallata maka fostar jirgin Nord Express ta mai zane Cassandre, ta 1927, a kan 'yan yuro kaɗan, to ka tuna araha ba ta ado.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai ba sayen jabu ba ne, lalata na gaske ne da hannun mai shi. Wani ƙanen abokina ya dawo gida da fostar PLM ta asali, mai layin ninki a tsakiya. Layin nan ya hana shi barci. Ya kai ta wurin mai firam, aka datse gefunanta don ta shiga gilashi, aka manna ta da gam a jikin katako. A gefen da aka datse ɗin nan sunan gidan ɗab'in yake, wato shaidar da mai saye zai fara nema ita aka jefa a kwandon shara. Haba jama'a! Takardar nan mara kauri ce, an buga ta ne don ta yi 'yan watanni a bangon tasha a yage ta. Ninki da ɗan yagewar baki ba aibi ba ne a wurinta. Ta tsallake yaƙin duniya, ta zo ta mutu a hannun almakashi. Kada ka datse, kada ka sa salatif, kada ka bari a rufe ta da leda mai zafi irin ta satifiket, domin ba a dawowa daga nan. Gyaran da aka yarda da shi shi ne ƙwararre ya shimfiɗa ta a kan takarda mara asid da yadi, da kullun sitaci wanda ruwa ke iya saki in an so cirewa.

Ni dai ba na rataye fostoci na asali. A kwance nake ajiye su cikin faffaɗar durowa, takarda tsakanin kowace biyu, in rataye kwafi a falo. Mai son ratayewa ya nemi gilashi mai tare hasken rana, ya sa kwali tsakanin takardar da gilashin, ya guji bangon da ke kallon taga, don ja da ruwan ɗorawa su ke fara kwaɗewa. Wanda zai kawo su Kano ko Yamai ya sani laimar damina na sa takarda fumfuna, gara kuma ba ta jin kunyar durowar katako, don haka a ɗaga ta daga ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa. Sannan duk abin da ka saya, ka sa mai sayarwa ya rubuta a rasit shekarar da ya ce an yi shi da kuma ko an taɓa gyara shi. In ya fara kame-kame, ka mayar da kuɗinka aljihu.