Yadda na gyara rassan aljanin bishiya da suke ɓallewa

Na so in ƙara wa ɗan mutum-mutumin aljanin bishiya na wasan Warhammer (wasan yaƙi da ake yi da ƙananan mutum-mutumi a kan tebur) kwarjini, sai na manna masa busassun saiwoyi a kafaɗu a matsayin rassa. Amma duk sanda na motsa shi a teburin wasa sai reshe ya ɓalle, domin gam kaɗai ba ya riƙe itace a jikin roba idan mahaɗar ƙarama ce.

Na huda kafaɗar da gindin kowane reshe da ɗan abin huji na hannu mai kaurin milimita 1, na zura guntuwar wayar tagulla a tsakaninsu, sannan na ɗiga gam mai saurin kamawa. Bayan haka na kwaɓa Green Stuff, wani abin liƙi mai kama da danƙo da ke zuwa kashi biyu, shuɗi da rawaya, har shuɗin da rawayan suka koma kore, na rufe mahaɗar, na zana tsagin ɓawo da bakin allura, wanda shi ne aikin da ya fi cin lokaci.

Saiwoyin suna shanye fenti, don haka na fara shafa masu siririn farin gam. Da ya bushe na shimfiɗa fenti ruwan ƙasa mai duhu, na bi saman ɓawon da toka-toka da burushin da na goge har ya kusa bushewa.