Idan baƙin mai yana tsiyaya ta murfin saman inji

'Yan uwa masu mota, in kun ji ƙaurin mai bayan tafiya, ku buɗe bonet ku duba gefen murfin saman inji. Yawanci gaskit, wato robar da ke tsakanin murfin da inji don hana mai fita, shi ne zafi ya busar har ya tsage. Corolla tawa haka ta yi, na zaro koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta, na tarar mai ya cika ramin fulogi, shi ya sa take ta karkarwa.

A bari inji ya huce, a goge wurin tas kafin a sa sabon gaskit. Don Allah kada bakanike ya lafta gam ko'ina, ɗigo kaɗan a kusurwoyi ya isa, rarar kan toshe hanyar mai. Ɗaurin noti kuwa daga tsakiya ake farawa zuwa gefe, a hankali, don matsewa da ƙarfi na fasa murfin.