Yadda ake saka Ubuntu a kwamfutoci da yawa ta netwok ba tare da an goge kayan mutane ba

Mai kula da ɗakin kwamfuta na makaranta ya san wahalar bin na'urori ɗaya bayan ɗaya da filashi don saka musu Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta na Linux. PXE, wato hanyar tayar da kwamfuta ta netwok, na rage wannan wahala: kwamfuta ta tashi, ta karɓi adireshi daga DHCP, tsarin da ke raba adireshi a netwok, ta jawo fayil ɗin farawa ta TFTP, wata hanyar tura fayil mai sauƙi. Manhajar dnsmasq ita kaɗai tana iya ayyukan biyu.

Fara da shafin zaɓi na PXELINUX, manhajar da ke nuna zaɓuɓɓuka idan kwamfuta ta tashi ta netwok. Ka sa zaɓin farko ya zama tashi daga hadis ɗin kwamfutar (hard disk, ma'ajiyar bayananta) da umarnin LOCALBOOT, sannan ka rubuta TIMEOUT 100, wato daƙiƙa 10. Ko da wata kwamfuta ta tashi ta netwok bisa kuskure bayan an dawo da wuta, za ta koma kan tsarinta lafiya lau.

Sai fayil ɗin autoinstall, mai ɗauke da amsoshin tambayoyin da ake yi lokacin sakawa, wanda Ubuntu Server ya zo da shi tun sigar 20.04 ta shekarar 2020. Duk abin da amsarsa ɗaya ce ga kowa, rubuta shi a ciki: lokacin Africa/Lagos, manhajojin da ake bukata, da madubi (mirror), wato sabar da za a jawo su daga gare ta. Ka haɗa da apt-cacher-ng, manhajar da ke ajiye kwafin abin da aka sauke, don a sauke kowane ƙunshin manhaja sau ɗaya, data ba ta da araha.

Wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne sashen interactive-sections na wannan fayil. Duk sashen da ka lissafa a nan, manhajar sakawa za ta dakata ta tambayi mutum. A ganina storage, sashen zaɓen hadis da raba shi, dole ya shiga, domin fayil bai san cewa a wannan hadis ɗin akwai sakamakon jarabawar ɗalibai ba, wanda ke zaune gaban na'urar ne ya sani. Ka ƙara identity kowa ya zaɓi sunansa da kalmar sirrinsa, da keyboard ga mai son tsarin Hausa da ke da ƙ, ɗ da ɓ. Kada ka wuce haka, in tambayoyi suka yi yawa mutane danna Enter kawai suke yi.

Akwai kuma kalmar autoinstall a layin kanel, wato layin umarnin da ake bai wa tsarin lokacin tashi. In babu ita, za a nemi ka tabbatar kafin a taɓa hadis. Sababbin kwamfutoci da babu komai a cikinsu kaɗai za ka sa wa ita, a zaɓi na daban mai suna ƙarara.

Kafin ka saki tsarin ga ɗakin gaba ɗaya, gwada shi a VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, sannan a kwamfuta ɗaya mai hadis biyu, ka ga wanne ya ɗauka.