Ciyar da kajin gida, manya da 'yan tsaki

Da farko, uwargida, ki ware 'yan tsaki a akurkinsu, domin manyan kaji sukan cinye komai su bar su da yunwa. Daga ƙyanƙyashe zuwa sati 8, ki ba su abincin 'yan tsaki na kamfani, ko niƙaƙƙen gero mai laushi. Ruwansu a faranti marar zurfi, ki jefa tsakuwa ciki kada su nutse.

Bayan nan sai dusa da tsakin masara ko dawa, waɗanda mutum zai samu a kasuwar Dawanau. Sagara idan ta fara ƙwai, ki ƙara mata dakakken ɓawon ƙwai. Amma kada ƙanana su ci abincin masu ƙwai, yana lalata musu ƙoda. A zafin bazarar Kano kuwa, ki sauya ruwa safe da yamma.